Malama Lasifika Ta Koma Aji

Na san muryar Gwaggo kafin in san fuskarta. Gidanta yana bayan namu, katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma idan ta ƙwala wa ɗanta kira ya kawo mata bokiti, sai ka ga yaran maƙwabta ma sun miƙe suna neman bokiti. Ƙanwar mahaifina ce, gajeriya mai faɗin kafaɗa. Fiye da shekara talatin tana koyar da Turanci a makarantar 'yan mata da ke ƙarshen titinmu, daura da gidan mai, kuma a can ne ɗalibai suka laƙaba mata suna Malama Lasifika. Ta san da sunan, ba ta kuma taɓa jin haushinsa ba. Takan ce yarinyar da ke bencin ƙarshe ma iyayenta ne suka turo ta, don haka dole darasi ya isa inda take.

Asali ba malanta aka shirya mata ba. Kakanmu ya so ta zama ma'aikaciyar jinya, har ta fara. A makonta na farko a asibiti ta shiga ɗakin wani dattijo mai ciwon zuciya ta yi masa sannu irin tata, sai da aka kira likita a guje. Ita da kanta take ba da labarin, tana dariya har da hawaye. Daga nan ta koma kwalejin horar da malamai, ba ta sake waiwayar allura ba.

Duk wadda ta bi ta hannunta, idan aka tambaye ta abin da ta fi tunawa, darasin aktif da fasif za ta ce. Gwaggo ba ta fara wannan darasi da alli. Kujeru biyu take sa a ajiye a gaban aji, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar a mota. Sai ta fito da 'yan mata uku. Ɗaya ita ce mai aikin, ɗaya ita ce aka yi wa, ta ukun kuma ta tsaya a tsakiya, ita ce aikatau. Idan mai aikin ce ke zaune a kujerar gaba, jimla aktif ce, da ita ake fara magana. Sai Gwaggo ta buga tebur ta ce a sauya. Wadda aka yi wa aikin ta dawo gaba, mai aikin ta koma baya, ta tsakiya kuma ta kifa wata tsohuwar hular kwano a kanta, don Gwaggo ta ce aikatau ɗin Turanci ba ya yarda a sauya kujeru yana cikin kayansa na jiya. Wannan ita ce fasif. Wani lokaci ma sai ta kori mai aikin daga ajin gaba ɗaya, ta leƙo ta taga, don a ga cewa jimla tana iya tsayawa ba a faɗi wanda ya yi ba, kamar yadda mu ma muke cewa an fasa kofi mu yi shiru.

Duk wannan da ihu ake yin sa. Gwaggo ta faɗi jimla, aji ya maimaita, ta ce ba ta ji ba, aji ya ƙara ɗaga murya, masu sayar da mai a tsallaken titi su ma su amsa. Malamin lissafi da ke aji na kusa yakan ba ɗalibansa aiki ranar, ya fito baranda ya zauna.

Na yi shekaru ina karatu a wata ƙasa mai nisa. Idan Gwaggo ta kira ni, nesa da kunne nake riƙe wayar, har wadda muke ɗaki ɗaya da ita ta taɓa tambayata ko faɗa ake yi a gidanmu. A shekarata ta ƙarshe kiran ya ɗauke, sai dai saƙo a rubuce. Na ɗauka aiki ne ya yi mata yawa. Sai da na dawo na kwana a gida, na lura ba abin da ya tashe ni da safe daga bayan katanga, sannan mahaifiyata ta gaya mini. An ga ƙari a maƙogwaronta, an yi aiki an cire, lafiya ta samu. Amma muryar ta tafi. Likita ya ce wataƙila ta ɗan dawo, wataƙila a'a, kuma idan ta matsa mata sai ta rasa ɗan abin da ya rage.

Na same ta a falo tana gugar kayan makaranta, alhali ta yi wata da watanni ba ta je ba. Ta rungume ni, ta ja ni baya ta ƙare mini kallo, ta ce wani abu. Sai da na sunkuya na ji.

"Baturiya, ba sa ba ku abinci ne a can?"

Sautin kamar ana murza takarda. Na kau da kai. Ita kuwa ta ɗaga mini gira, alamar kada in kuskura in yi mata kuka a falo.

Mijinta, wanda duk unguwa ke kira Baba Mai Rediyo saboda shagon gyaran da yake da shi a bakin titi, mutum ne da na sani da gyaɗa kai kawai. Yanzu sai na tarar da wani mutum daban. Tun da muryar Gwaggo ta tafi bakinsa ya buɗe, kamar an ɓalle famfo. Ya ba ni labarin aikin tun daga ranar da suka fara zuwa asibiti, da irin takalmin likitan, da yadda fankar ɗakin take ƙara saboda ba a sa mata mai. Gwaggo tana zaune tana hararar sa, ba halin katse shi. Da abin ya ishe ta sai ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa kofi, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ina nan wata rana da yamma Shugabar makarantar ta zo. Doguwar mace ce mai tabarau, wadda na ji ana cewa malamai suna gyara tsayuwa idan ta doso. Amma a falon Gwaggo a gefen kujera ta ɗosana, jakarta a kan cinya. Ashe tsohuwar ɗalibar Gwaggo ce, tana cikin na farko-farko da suka zauna a kujerun nan biyu.

Ta yi ta kewaye-kewaye. Ta yi gaisuwa, ta yabi labule, ta tambayi jiki sau uku. Can ta ce hutun jinya ya ƙare, kuma sun yi shawara Gwaggo ta koma laburare. Wuri ne mai sanyi, ba hayaniya, ba ƙurar alli. Ajin da za su rubuta jarrabawar ƙarshe kuma a bar wa sabon malamin da ke riƙe da shi. Ta ce ba don komai ba, 'yan matan suna da yawa, ajin dogo ne, kuma jarrabawa ba ta jiran kowa.

Gwaggo ta yafito ta da hannu. Shugaba ta matso, ta kara kunne.

"Ni za ki kai cikin littattafai in riƙa kaɗe musu ƙura?"

"Malama, don lafiyarki ne."

"Sun yi aktif da fasif?"

Shugaba ta ce ba su kai ba tukuna, sai mako mai zuwa. Gwaggo ta nuna ƙirjinta da yatsa. Daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya: Gwaggo za ta ɗauki wannan darasin, Shugaba za ta zauna a bencin ƙarshe. Idan darasi ya iso inda take, aji na Gwaggo ne. Idan bai iso ba, sai laburare, kuma ba sauran gardama.

Motar Shugaba ba ta gama fita daga layin ba gidan ya kacame. Gwaggo ta aika a kira 'yarta ta fari da ke aure a wata unguwa, mahaifiyata ta zagayo, har mahaifina da ba ya shiga maganar mata ya leƙo ya ba da shawara. Kowa da dabararsa. 'Yar ta kawo usur irin na alƙalin wasa, Gwaggo ta busa sau ɗaya ta riƙe wuya, aka ajiye. Mahaifiyata ta ce a rubuta komai a manyan kwalaye a riƙa ɗagawa, aka kwana biyu ana yankan kwali, har Gwaggo ta gane hannu biyu kawai gare ta. Mahaifina ya ce ai ga mafita a zaune, Baturiya ta je ta zama bakinta, Gwaggo ta raɗa ni kuma in faɗa. Aka gwada a tsakar gida. Jimla biyu na faɗa ta ɗaga hannu. Ta ce an lalata mini Turanci a can, ina haɗiye ƙarshen kalmomi kamar mai cin abu da zafi, ba za ta bari in ɓata mata yara ba. Aka yi ta yi mini dariya, ni ma na taya su.

Baba Mai Rediyo ne ya shigo ranar Asabar da wani abu a cikin buhu, fuskarsa cike da fara'a. Lasifikar hannu ce, irin ta masu talla, fara mai jan baki. Wani mai tallar magani ne ya kawo gyara, ya ce ba ya bukatarta sai ƙarshen wata. Baba ya sa mata sabon batir, ya miƙa wa Gwaggo. Ta jujjuya ta, ta kai baki, ta ce a kawo mata bokiti.

Kajin maƙwabta suka watse. Muryar ba irin ta da ba ce, tana da ƙarfe-ƙarfe, amma ta cika gidan ta tsallake katanga. Gwaggo ta tsaya cak, idonta ya kawo ruwa, sai kuma ta fashe da dariya mara sauti, kafaɗunta na rawa. Ta kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya. Ta gaya wa Baba ya yi mata shiru, karo na farko cikin watanni. Ta leƙa waje ta gaishe da mai shagon kusa har ya zubar da abin da yake aunawa. Ranar ba wanda ya ci abinci a kan lokaci. Baba yana gefe yana ta bayani a kan maɓallan da ke jikin lasifikar, wanne ne na ƙara, wanne na batir, wanne kuma mai ita ya ce a kiyaye. Amma mun riga mun saba da barin maganarsa ta wuce ta saman kai, ba wanda ya saurara.

Ranar darasin ni na rako ta, ina ɗauke da buhun da hular kwano. Tun daga ƙofar makaranta 'yan mata suka yanyame ta, wannan ta karɓi jaka, waccan ta riƙe hannu. Ajin dogo ne da gaske, tagogi a gefe ɗaya, fanka ɗaya mai aiki, bencina a jere har bango. Kujeru biyun suna gaban allo, an riga an goge su. Shugaba ta shigo ta wuce can ƙarshe ta zauna tsakanin 'yan mata biyu da suka ƙame kamar an dasa su. Ni na raɓe kusa da ƙofa. Ta taga na hango malamin lissafi ya fito da kujerarsa baranda tun kafin a fara.

Gwaggo ta rubuta kan darasi a allo. Ta juyo, ta zaro lasifikar daga buhu, aji ya ɗauki guɗa ƙasa-ƙasa. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga ta, ta danna.

Muryar wani ƙato ce ta fito, tallar da mai maganin ya naɗa a ciki. Ya yi wa jama'a albishir cewa ga maganin basir, ga na ciwon baya, ga na tsutsar ciki da ke hana yaro ƙiba, a matso a gani, gwaji kyauta ne. Ya kai ƙarshe ya sake daga farko.

Ajin ya tarwatse. Wasu suka kifa kai a benci, wasu suka faɗa jikin juna, wata ta sulale ƙasa tana riƙe da ciki. Gwaggo ta danna wani maɓalli, ƙaton ya ƙara ƙarfi. Na taso da gudu, muka taru a kan abin muna dannawa, yana ta kiran masu basir. Ɗalibai daga wasu azuzuwa suka cika tagogi. Da ƙyar na ɓalle murfin batir da farce, sannan ya yi shiru a tsakiyar kalma.

Na dubi bencin ƙarshe. Shugaba ba ta dariya. Ta cire tabarau tana gogewa, kanta a ƙasa, irin na wanda ya san abin da zai faɗa anjima kuma ba ya son faɗa. Na dubi Gwaggo, na ga gumi a goshinta, ta buɗe baki kamar za ta tsawatar, ta tuna, ta rufe.

Ta ɗan tsaya tana kallon lasifikar. Sai ta ɗauke ta da hannu biyu, cikin girmamawa kamar mai tarbar baƙo, ta zaunar da ita a kujerar gaba. Ita kuma ta je ta zauna a ta baya, ta langaɓar da kai, ta rufe fuska da gyale kamar wadda kunya ta kashe. Dariyar ta sake tashi, amma yanzu idon kowa yana gaba. Ta leƙo ta gefen gyale, ta nuna wata yarinya a benci na biyu, ta nuna mata tsakiyar kujerun. Yarinyar ta fito ta tsaya tana raba ido. Gwaggo ta nuna lasifika, ta nuna yarinyar, ta nuna kanta, sannan ta kama kunnenta ta karkato shi wajen aji.

Ba wanda ya ba su jimlar da za su maimaita. Aka fara ƙus-ƙus. Wata ta gwada, ta tsaya a hanya. Wata daga tsakiya ta miƙe ta faɗa da Turanci cewa lasifika ta kunyata Malama. Gwaggo ta yi tsalle ta tashi, ta tafa mata, ta buga tebur da dastar goge allo. Ta ɗauke lasifika ta mayar baya, ta dawo gaba ta zauna tana hura hanci, ta miƙa wa ta tsakiya hular kwano. Hannuwa suka tashi ko'ina. Ta ƙyale na gaba, ta miƙa yatsa can ƙarshe, ga yarinyar da ke gefen Shugaba. Yarinyar ta miƙe, ta fara jimlar da Malama, ta yi tuntuɓe a aikatau. Gwaggo ta ƙwanƙwasa hular da alli. Yarinyar ta gyara, ta kai jimlar har ƙarshe, lasifika tana biye a wutsiya. Ajin ya ɗauki tafi. Gwaggo ta miƙa mini lasifikar ta nuna mini ƙofa, na fita da ita na leƙo ta taga, suka faɗi jimlar a taƙaice, ba mai laifi a ciki.

Daga nan ba a sake zama ba. Ta sa aka ja kujerun zuwa tsakiyar aji, 'yan mata suka kewaye. Suka riƙa ƙirƙiro jimlolinsu, wannan ta ci abincin waccan, fanka ta ɗauke gyalen wance, mai gadi ya kori akuya. Kowa tana son hular. Inda aka yi kuskure babba sai Gwaggo ta ɗaga hannu ɗaya, ajin ya yi tsit har ana jin motar da ke shan mai a tsallake, ta faɗi gyaran a hankali cikin muryar takardarta. Na ga na baya suna ɗage a kan yatsun ƙafa don kada kalma ta wuce su.

Ana cikin haka ta juya, ta nuna bencin ƙarshe, inda ba kowa yanzu sai mutum ɗaya. Shugaba ta waiga bayanta, ta ga bango. Kafin ta yi tunani ta riga ta miƙe, hannuwanta a baya. Gwaggo ta zaunar da wata ɗaliba a gaba, ta ajiye dasta a baya, ta buga tebur aka sauya. Shugaba ta ba da amsa daidai, da ƙarfi, irin na 'yar aji. Gwaggo ta gyaɗa kai ta yi mata alamar ta zauna. 'Yan matan suka rasa inda za su sa kansu don daɗi.

Da aka kaɗa ƙararrawa ba wadda ta motsa sai da Gwaggo ta kore su da gyale. Muka fito baranda. Malamin lissafi ya ce wa Gwaggo shi ya fito gudun ihu, ya ƙare da leƙe. Shugaba ta jira ya wuce, ta tsaya gaban Gwaggo ta mayar da tabaranta.

"Malama, aji naki ne. Amma darasin safe kawai, kafin wuya ya gaji. Kuma duk ranar da likita ya ce a huta, za a huta."

Gwaggo ta yafito ta, ta raɗa mata wani abu mai ɗan tsawo. Shugaba ta miƙe tana dafe goshi. Na tambaye ta me aka ce. Ta ce wai ajin da ke bin wannan ma nata ne tun asali, wa ya ba da shi ba a tambaye ta ba? Ita kuwa Shugaba ta ce a bari zango ya ƙare tukuna a gani, ta yi sauri ta nufi ofis kafin a sake yafito ta.

Gwaggo ta zauna a kan dakalin baranda, ta sha ruwa daga gorarta, tana numfashi sama-sama, fuskarta sai sheƙi take yi. Ta ja hannuna na sunkuya. Ta ce gobe lokutan aikatau za su shiga, in nemo mata babban agogon bango, da lema, da takalmin jariri, kuma kada in tsaya tambayar me za ta yi da su.